Ƙullin Inna a Kusurwar Zane

Shekaranjiya Mushe, haka muke ce wa malami da bakin Faransi, wanda ke koya mana boko mu tsofaffi a rumfar bayan kasuwa, ya zo da wata ƙatuwar takarda ya rataya a jikin danga, ya ce wai ƙasarmu ce da maƙwabtanta aka kwantar a ciki. Ya ɗauki tsinke yana nuna mana garuruwan da ake yin tufa. Ga ɗigo nan, ga ɗigo can, kowanne da ɗan hoton bututu yana hayaƙi. Na matsa na sa ido na nemi Matameye, ban ga ɗigo ba. Na ce, "Mushe, ko gara ce ta cinye namu?" Ya ce, "Baba, ai nan ba a saƙa." Yaron kirki ne, karatu ya cika masa kai har yana zuba, kuma in yau ake magana gaskiyarsa ce. Rani biyu ke nan ina zuwa wurinsa, na iya rubuta sunana ba tare da na fitar da harshe ba, saboda haka na ga ya kamata ni ma in ba shi darasi a rubuce, tunda abin da ba a rubuta ba shi a wurinsa bai faru ba. In ya ga baƙaƙen sun karkace ya yi haƙuri, hannun ya saba da ƙoshiyar saƙa ne kafin alƙalami.

Lokacin da nake magana Nasara bai daɗe da zama ba, har yanzu mata in sun hango shi ta ramin danga suke kallo. A wancan zamani makaho ma in an ajiye shi a tsakar garin nan zai faɗa maka inda hantsi ya kai, don kowane aiki da muryarsa. Da an sauke taɓare sai ka ji ƙarfe yana kuka a kan magurji, mata suna raba auduga da ƴaƴanta. Can sai bakan shiɓa ya ɗauka, tin tin, kamar mai gurmi da bai iya ba. Daga nan mazari, shi ba ya ƙara, gurnani yake yi ƙasa-ƙasa, amma in gida goma suka haɗa sai ka ce zuma ce ta sauka a unguwa. Mu kuma maza muna rumfar gabas da gari, mun jeru kamar ƴan sallah, ƙafa tana taka, hannu yana jifa, matsefi yana bugu, dutsen da ke riƙe da zare yana jan ciki zuwa wurinka a hankali, shi ya sa muke ce masa kunkuru. Ba mai kallon ɗan'uwansa, amma tsegumin gari duka a nan ake saƙa shi tare da farin. Yanzu in ka zauna a wurin ba ka jin komai sai motar ƴan kasuwa tana tari, da rediyon mai shayi. Turakun rumfar ma an daɗe da dafa tuwo da su.

To Mushe, buɗe kunnenka, ga darasin. Tufa ɗaya a da ba gari ɗaya ke yin ta ba. Mu Allah ya ba mu kwari mai riƙe laima, auduga tana yi, gajera ce amma tana da ƙarfi. Ya ba matanmu yatsu. Mu muka saƙa fari, ƙwarya-ƙwarya, wato siraran tsage da ake haɗawa a ɗinke su zama zane ko riga. Kowace ƙasa da faɗin ƙwaryarta, tsoho in ya ɗora yatsu a kai zai ce maka wannan daga gabas take wajen Barebari, wannan tamu ce, wannan ta bayan Kano ce, siririya kamar igiyar wando. Amma rini ba namu ba ne. Ƙasarmu yashi ce, ramin rini ba ya son tsayawa, ruwan rijiyarmu kuma bai cika shiri da baba ba, ganyen nan da ake rini da shi. Akwai masu ƴan ramuka nan da can, suna fitar da shuɗi na zuwa gona. Baƙi kuwa na gaske, wanda yake ɗaukar ido, sai an kai kudu, inda ƙasa take ja mai yauƙi, inda marina suka gaji ramukan kakanninsu, inda mabuga suke dukan zane a kan gungume har ya yi santsi. In an gama sai ya hau raƙumi ya dawo ta ƙofar gidanmu ya wuce Damagaram ya yi arewa. Ka ga Buzu ya naɗe fuska yana yi mana kallon ƙasƙanci, alhali zaren tsohuwar maƙwabciyarmu ne a hancinsa. Mahaifina yakan ce, "Mu fari aka ba mu, mu tsaya a kan fari. Duk wanda ya ce shi zai kaɗa, shi zai saƙa, shi zai rina a gidansa, ku je ku ga abin da matarsa ke ɗaurawa."

Innata mutuniyar kudu ce. Daga wani garin marina take, bayan Kazaure, kwana huɗu da jaki. Ba zan faɗi sunan garin ba, don har gobe mutanensa suna ganin su suka koya wa duniya sa tufa, kada in ƙara musu. Mahaifina ya gan ta ne lokacin da yake kai fari, ya taho da ita, ta bar wanta ɗaya tilo a can, marini, wanda muke ce wa Kawu. Duk shekara bayan kaka Inna takan ware zarenta mafi kyau, wanda ta kaɗa a natse ba don kasuwa ba, mahaifina ya saƙa, ta ɗinke da hannunta, ya kai wa Kawu ya rina mata. Mu yara mun ɗauka son kwalliya ne. Sai aka zo aka ce an ja iyaka, wai daga wani wuri zuwa kudu na Ingilishi ne, daga nan zuwa arewa na Faransi. Ba wanda ya ga layin da idonsa, amma kowa ya ji shi a jikinsa. Aka fara tare fatake ana kwance musu kaya. Abin da ya fi wannan, gardi, wato dogaran Faransi, suna kama duk namijin da suka iske a hanya, musamman mai jaki, a ɗora masa kayan kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar. Haka aka yi da yayana. Ya tafi da ƙafafunsa, bayan wata uku ya dawo da tari, kafin damina ta faɗi mun rufe shi. Mahaifina bai daɗe ba ya bi shi. Kaka biyu zanen Inna bai je kudu ba.

A kaka ta uku ni ne namijin gida, na zauna a masaƙar mahaifina, gemu ya fara tsiro, ina ganin kaina wani abu. Idon Inna kuwa ya fara tafiya, hazo take gani ko da tsakar rana, amma yatsunta ba su san da wannan labari ba. Ta ba ni zaren da ban taɓa ganin irinsa ba, siriri, bai da ƙulu ko ɗaya. Na saƙa, ta ɗinke da lalube, ta daɗe tana juya shi a cinyarta, sannan ta naɗe ta miƙo mini.

"Auta, ka kai wa kawunka. Hannunsa za ka sa, ba hannun ƴaƴansa ba."

"Inna, hanya fa ba kyau."

"Na sani. Ni ma ba kyau nake ƙarawa ba."

Na ɗaura wa jaki, na haɗa da ƴan farare na kaina, na fita da sassafe ina taku kamar madugu. Wannan jarunta ta raka ni har kusa da Ɗan Barto. A nan na gamu da wasu mutane sun juyo, suka ce jiya an kwashe mutum shida a bakin iyaka har da dabbobinsu. Ban san ko gaskiya ba ne, ban kuma tsaya bincike ba. Tarin yayana na ji a kunnena, na ja jaki na tsaya. Sai na tuna da Tanko, abokina tun muna tsere da kara, wanda ya taɓa zama a kudu shekara ɗaya ya dawo ya haƙa rami ɗaya a wani ƙauye gefen hanya, ya shafe shi da hannunsa, yana kiran kansa sarkin marina. Na karkata jaki na nufi wurinsa.

Tanko ya warware zanen ya yi ta shafa shi, don ko jahili ya ga wannan zare ya san ya ga abu. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni sai ya ce, "Kai dai ba ka da wayo. Baba baba ne, toka toka ce. Ruwan kudu daga Makka ake kawo shi? Ba ni kwana tara, in tsohuwa ta gane, ka aske mini rabin kai." Na ce ai idonta ma ba ya gani sosai. Allah ya yafe mini wannan magana, ita ce ta fi damuna a cikin duka. Kwana tara na yi a ƙauyen nan ina cin tuwon matar Tanko, ina wasan dara a gindin aduwa, shi kuwa yana tsomawa yana shanyawa. Don gaskiya ya yi ƙoƙari. Zanen ya yi baƙi, ya buga shi a kan turmin da ya kife har ya ɗan yi ƙyalli. Ran komawa na sayi ɗan goro wurin wani bafatake don tsaraba, na shafa jar ƙasa a ƙafafuna da ƙafafun jaki, da na hango gari kuma na fara ɗingishi. Har yanzu ina ganin ban taɓa yin aiki mai tsari irin wannan ba.

Inna tana zaune a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida, na ce duk lafiya lau, suna gaishe ta da kyau. Ta karɓi zanen, ba ta warware shi ba, ba ta ɗaga shi ga haske ba yadda na yi tsammani. Kusurwa ta nema. Ta bi baki da yatsa har ta kai wata kusurwa ta tsaya. Na ga yatsun sun koma, sun sake dawowa. Sai ta ɗora zanen a cinya ta dafa shi da hannu biyu.

"Yaushe ya rasu?"

"Wa, Inna?"

"Kada ka wahalar da kanka, Auta. Ka yi abin da ɗan kirki ke yi, ka ɓoye wa tsohuwa. Amma ga ƙullina nan yadda na ɗaura shi, ba a kwance ba."

A ranar na san abin da mahaifina ya sani bai taɓa faɗa mana ba. Marina dama sukan sa alama a kusurwar tufa don kada ta mutane ta cakuɗe a rami, Inna da Kawu kuwa sun mai da wannan alama abin kansu. Dalili shi ne, tun tana amarya fatake suka yi ta kawo mata gaisuwar mahaifiyarta, lafiya lau, lafiya lau, ashe tsohuwar ta shekara biyu a ƙasa. Daga nan ta daina yarda da lafiya lau ta bakin matafiyi. Sai suka shirya ita da wanta: za ta ƙulla zare a kusurwar farin, ƙulli irin nata. In ya gani ya san tana raye. Shi kuma ya kwance nata da hannunsa ya ɗaura nasa, uku a jere ɗaya a ware. In ta taɓa ta san yana raye. Ba mai kwancewa sai shi. Ni masaƙi ne, tsakiyar tufa nake kallo, Tanko kuwa ya tsoma ƙullin Inna a baba sau ba adadi bai ma san da shi ba.

Na ce, "Inna, yana nan da ransa." Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "Ka gan shi da idonka?" Nan ne wurin da ya kamata mutum ya zama mutum. Na buɗe baki, na tuna jar ƙasar da ke ƙafata, na tuna ɗingishin da rabin gari ya gani, sai na rufe. Ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka ji tausayina." Ta shiga ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba, amma danga ba ta riƙe irin wannan kuka.

Abin da ya biyo baya, in na ba matasa labari dariya suke yi, ni ma ina taya su, don in ban yi dariya ba ban san abin da zan yi ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo ya yi addu'a mai tsawo ga mutumin da a lokacin, Allah ne masani, wataƙila yana can yana shan fura. Masaƙa suka bar rumfa suka zo suka jeru, kowa ya ba ni hannu ya ce in yi haƙuri, ya ƙara da cewa na yi namijin ƙoƙari da na ratsa iyaka a irin wannan lokaci. Ran uku Inna ta sa aka daka gumba aka raba sadaka. Aka miƙo mini, na ci, don in ban ci ba za a tambaya. Tana da daɗi kuwa, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan. Kowace safiya sai in ce yau zan faɗa, kowace safiya sai wani sabon mai gaisuwa ya shigo ya ƙara wa ƙaryar tubali ɗaya. Inna ta tura taskirar kaɗinta ƙarƙashin gado. Gidanmu ne kaɗai a unguwa ba a jin mazari.

Ran bakwai na fito na iske ta ta ɗaure ƙunshi, ta riƙe sanda, ta yafa mayafi. Ta ce in ɗaura wa jaki, za ta je ta yi wa ƴaƴan wanta gaisuwa, ta dafa ƙasar da aka rufe shi. Na ce kwana huɗu ne, ga gardi, ga ƙafarta, ga idonta. Ta ce ai ga ni, na san hanya. Na ɗora ta a jaki na ja, muka fita gari, muka bi ta gefen kwari inda karan auduga ya bushe. Ina jin numfashinta a bayana, tun ba mu yi nisa ba ya fara sarƙewa. Na san in na kai ta rana biyu a haka, a hanya zan haƙa mata. Da muka zo inda hanya ta rabu na tsai da jaki.

"Inna, ban je ba."

Na riƙe igiyar jaki na ci gaba.

"Wurin Tanko na kai. Tsoro na ji. Ban ga Kawu ba, ban ga kowa ba. Goron ma a hanya na saya."

Jaki ya sunkuya yana cin ciyawa. Can ta ce, "Ɗingishin fa?"

"Shi ma."

"Sauke ni."

Na sauke ta, ta zauna a kan tushen wani gawo ta kwance ƙunshi, ashe zanen yana ciki. Ta miƙo shi wajen da take jin ina tsaye. "Tsoron ban ga laifinka ba, ni na wanke kayan yayanka. Da ka dawo ka ce Inna na kasa, da na ce zauna ka sha ruwa. Amma ka bar ni kwana bakwai ina binne mutum. Yanzu ban san ko yana raye ba, ban san ko ya mutu ba, ka mai da ni inda nake tun kaka biyu, ka ƙara mini da kuka." Ta miƙe da sandarta. "Ni zan kai kaina gida, ƙafata ta san nan. Kai kuma ga jaki ga hanya. In ka dawo, gida-gida za ka bi ka mayar wa mutane gaisuwarsu, ka fara da liman."

Na tafi. Ina so Mushe ya rubuta wannan da jan alƙalami: iyakar da ta sa na kashe kawuna, da na isa, tarin duwatsu ne da wata akuya a kai. Ba gardi, ba Nasara, ba kowa. Ba na ce kullum haka take ba, waɗanda aka kama an kama su, amma ni ranar akuya ce ta karɓe ni. Daga nan na fara karatun da ba a yi a rumfar bayan kasuwa. Na ga yashi yana ƙarewa ƙasa tana ja. Na ga auduga ta fi tamu tsawo. Na ratsa ƙauyen da kowane gida masaƙa ne amma ba rami ko ɗaya, na ratsa wanda ba su san komai ba sai ɗinkin riga, na ratsa wanda gonakinsa duk baba ne, mata suna kirɓa ganyen suna dunƙulawa suna shanyawa. A rana ta huɗu, tun ban ga gari ba na ji shi: dum-dum, dum-dum, mabuga biyu-biyu suna amsa wa juna. Sannan wari ya tarye ni, warin da in ka saba sai ka ce ƙamshi ne. Ashe shi ne ɗan abin da nake ji a jikin zannuwan Inna tun ina goye.

Aka nuna mini Kawu a bakin raminsa, tsoho ramamme, hannuwansa baƙi-shuɗi har gwiwa, farcensa duk sun cinye. Na faɗi ko ni wane ne. Bai amsa gaisuwa ba, ya fizge zanen ya nemi kusurwa. Da ya taɓa ƙullin sai ya zauna a ƙasa, a cikin caɓin. Ya ce, "Kaka biyu ba fari. Na ce ƙanwata ta tafi ba wanda ya aiko." Sai da ya share fuska, ya bar mata shuɗin yatsu, sannan ya shinshina zanen ya yamutsa hanci. "Wane maƙiyin Allah ne ya jiƙa wannan zare a ruwan wanki?" Na kwashe labari duka na faɗa masa, kaina a ƙasa, ina jiran mari. Sai na ji yana wani sauti, na ɗaga ido, ashe dariya ce ta hana shi numfashi.

"An yi mini gumba?"

"An yi, Kawu."

"Da zuma ko haka nan?"

"Da zuma."

"Madalla, ƙanwata ba ta yi mini rowa ba. Mutane sun taru?"

"Har daga Kance an zo."

"Kai ka ci?"

Na ce na ci. Ya kira marinan da ke kusa ya ce su zo su ga yaron da ya ci sadakar ukunsa, ya kuma biyo sawu ya ga ko da saura. Kwana goma na yi a garin ba wanda ya kira ni da sunana, sai Ci-gumba. Ya kwance ƙullin Inna da haƙori tunda farce babu, ya sa zaren a aljihu. Ya mai da zanen rami, tsomi bayan tsomi, har aikin Tanko ya ɓace a ƙarƙashi. Da yamma in mun zauna sai dariyar ta tafi. Ya nuna mini ramuka uku da aka bari suka bushe. Ya ce jirgin ƙasa ya iso Kano yana zubo akoko, farin yadin Nasara mai faɗi da ba ya bukatar a haɗa ƙwarya, ƴaƴansa kuma hankalinsu ya koma gyaɗa. Ya ce, "Ku can kuna ganin iyaka ce za ta kashe ku. Iyaka ana zagaye ta. Wannan yadi mai faɗi shi ne ba a zagayewa."

Da na dawo, da ɗingishi na gaske wannan karo, Inna ta nemi kusurwa. Uku a jere, ɗaya a ware. Ta daɗe tana murza shi. Abin da ta ce kawai, "Ya tsufa. Ƙullin ya yi sako-sako." Washegari aka ji mazari a gidanmu, ni kuwa na fara zagayen mayar da gaisuwa. Liman ya saurare ni har ƙarshe, ya ce addu'a dai ba a janye ta, a bar wa Kawu ajiya. Tanko ban aske masa kai ba, don ya ce ba rininsa aka gane ba, kuma da gaskiyarsa.

Kaka huɗu na ƙara kai zane. Sau ɗaya an kama ni na yi dakon kwana ashirin, na dawo da raina. Kowace shekara bugun da ke tarye ni a bakin garin yana raguwa, kowace shekara ƙullin yana ƙara saki. A ta biyar na iske wani a bakin ramin, babban ɗansa. Kawu ya rasu tun farkon damina. Ɗan ya rina zanen da kyau, hannun gidan ne, ruwan gidan ne. Da zai naɗe sai ya riƙe kusurwar ya dube ni. Ya ce, "Na iya irin na Baba, na sha gani. Uku a jere, ɗaya a ware, in sassauta shi kaɗan. Gwaggo ta tsufa, me za a ƙara mata?" Na kalli ɗan zaren nan. A wancan karo an yi mini zaton tausayi alhali tsoro ne, yanzu ga tausayin na gaske an miƙo mini kyauta. Na ce ya bar shi yadda ta ɗaura.

Idonta a lokacin ya rufe gaba ɗaya. Na durƙusa, ban ce lafiya lau ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta kai zanen hancinta ta shaƙa, sannan ta bi baki da yatsa har kusurwa. Ta tsaya a nan. Na jira kuka, bai zo ba, wataƙila wanda ta yi a wancan karo ne ya ƙare mata. Ta laluba ta dafa kaina ta ce, "Wannan karon ka je, Auta."

Ba ta sake kaɗi ba, ni ma ban sake bin hanyar kudu da fari ba, don ba a jima ba aka rasa mai saye. Ga darasinka nan, Mushe. Ban ce ka sa mana ɗigo ba, na san ba mu da bututu. Ni dai na gaji, ido ya fara yi mini irin na Inna, yatsu kuma sun ƙi alƙalami. Amma in ka gan ni ran kasuwa a rumfar masu yadi, na ɗaga atamfa ina bin bakinta da yatsa har kusurwa, kada ka taya yaran dariya. Su suna tsammani hatimin kamfani nake nema.